Kambun Mataimakiyar Jaruma: Tarihin Yabon da Ya Zo a Makare

Uwargida ran gida, amarya, da ke Inna da kike zaune a gindin rediyo kina ɓarar gyaɗa, barkanmu da war haka, barkanmu kuma da sake saduwa a filinmu na mata. Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwanmu na Zakirai da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Gabasawa, har zuwa Gezawa da Minjibir, da fatan an yini lafiya, ya yara, ya kuma aikin gida. Yau tarihi za mu taɓa. Tarihin wata lambar yabo ce da ake bai wa matan da ke fitowa a wasan kwaikwayo na talabijin da na fim, waɗanda ba su ne taurarin labari ba. Masu harkar suna kiranta kambun mataimakiyar jaruma. Na san akwai gidajen da ba a kallo, bisa ra'ayin maigida ko fatawar malami, kuma muna girmama wannan. Duk da haka ki ba ni aron kunnenki, domin kafin mu rabu za ki ga zancen ya biyo ta ƙofar ɗakinki.

Bari mu fara da sanin wace ce mataimakiyar jaruma. A kowane wasa akwai wadda labari yake kanta, ita ake kira jaruma. Hotonta ne a jikin kwalin kaset, ita ake rera wa waƙa, ita kuma ake ɗaura wa aure a ƙarshe. To amma ki tsaya ki duba da kyau. Wa ya hana auren tun da farko? Uwar miji. Wa ya kwashi zance daga wannan gida ya kai wancan? Dillaliya. Wa ya zaunar da yarinya ya yi mata faɗa har ta dawo hanya? Gwaggo ko kaka. Idan kika cire waɗannan mata, saurayi da budurwa za su haɗu da safe su yi aure da yamma, labari ya ƙare, ba wanda zai zauna kallo. Su ne masu ƙulla rigima, su ne kuma masu warware ta.

Wannan matsayi ba baƙo ba ne a wurinmu. A tatsuniya sunan Gizo ake fara kira, amma ina daɗin tatsuniyar in babu Ƙoƙi? A waƙar amada, marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita duniya ta sani, alhali a bayanta akwai mata masu kiɗan ƙwarya da 'yan amshi da ke ɗauke mata waƙa in ta ja numfashi. Shi kansa kwaikwayon, mata sun daɗe suna yinsa a cikin gida tun kafin Bature ya zo da na'urarsa. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke kwaikwayon sarki da fadawansa, a yi dariya, a kuma isar da saƙon da baki ba ya iya faɗa kai tsaye. A watan azumi 'yan mata na yin tashe suna kwaikwayon zaman aure. Bayan kaka kuwa samari da 'yan matan karkara na yin kalankuwa. Kin ga ke nan ba a koya mana kwaikwayo ba. Abin da ya zo daga waje shi ne akwatin da ake nuna shi, da kuma bikin da ake shiryawa don a ce wance ta fi kowa iyawa.

To yaya wasan zamani ya iso gidajenmu? Da farko dai majigi ne. A zamanin Turawa da na gwamnatin Jihar Arewa, mota kan zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a nuna finafinan wayar da kai irin su Baban Larai, mai koyar da noman zamani. Maza da yara ke zuwa. Matar kulle sai dai ta jira yaro ya dawo ya ba ta labari, rabi daidai rabi ƙari. Rediyo ce ta fara tsallake zaure ta shigo har tsakar gida, inda iyayenmu suka saurari wasanni irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na marigayi Yusuf Ladan daga Kaduna. Talabijin kuwa an fara ta a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ta zo Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshi ƙarƙashin hukumar NTA a 1977. A farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa tata tashar, wato CTV, wadda yanzu ake kira ARTV. A waɗannan tashoshi aka ga Samanja Mazan Fama daga Kaduna, da Karkuzu daga Jos, da Kuliya Manta Sabo a nan Kano.

Ki lura da sunayen nan: Samanja, Karkuzu, Kuliya. Maza ne suka ci sunan wasa. Amma a cikin kowanne akwai matan da suka fito a matsayin matar gida, ko maƙwabciya, ko mai kawo ƙara gaban alƙali. A wancan lokaci fitowar mace a talabijin ba ƙaramar kasada ba ce. Dangi na iya juya mata baya, manemi na iya fasawa, unguwa kuma ta sa ta a baki. Sun yi aikin a haka, kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma babu wani biki da aka shirya don a kira su a gaban jama'a a ce sannunku.

Kafin mu ga yadda aka fara yabon a ƙasarmu, bari mu leƙa inda al'adar ta samo asali, wato Amurka. A can aka fara bayar da lambar yabo ta fim mai suna Oscar a 1929. Shekara takwas ana yi, jarumi da jaruma kaɗai ake kira a cikin 'yan wasa. Sai a 1937 aka buɗe rukunin mataimaka, wata mata mai suna Gale Sondergaard ta zama ta farko da ta karɓa. Ko da aka buɗe ɗin ma an nuna bambanci. Jaruma a ba ta ɗan mutum-mutumi mai ruwan zinare, mataimakiya kuwa a miƙa mata wani ɗan allo mai rubutu. Sai a 1944 aka daidaita su, kowa ya riƙa karɓar iri ɗaya.

A tsakanin nan ne, cikin 1940, aka yi abin da har gobe ake tunawa. Wata baƙar fata mai suna Hattie McDaniel, wadda iyayenta sun ɗanɗana bauta, ta ci kambun mataimakiyar jaruma saboda fitowar da ta yi a matsayin baiwa mai reno a fim ɗin Gone with the Wind. Ita ce baƙar fata ta farko, mace ko namiji, da ta taɓa cin Oscar. Amma otal ɗin da aka yi bikin a birnin Los Angeles ba ya karɓar baƙaƙe, sai da aka nemi alfarma kafin ta shiga, aka kuma zaunar da ita a wani ɗan tebur can gefe, nesa da abokan aikinta. Da ta rasu a 1952 ta bar wasiyya a binne ta a maƙabartar 'yan fim ta Hollywood, aka hana saboda launin fatarta. Allon yabon nata ma, da aka ajiye a Jami'ar Howard, ɓacewa ya yi, sai a 2023 aka ƙera wani aka mayar. 'Yar uwa, ki riƙe wannan labari, domin yana nuna cewa ana iya tafa wa mutum a dandali, a kuma hana shi wurin zama a cikin mutane.

Da talabijin ta yaɗu a Amurka sai ita ma aka yi mata tata lambar, mai suna Emmy, a 1949. Nan ma sai da aka shekara biyar kafin a tuna da mataimaka. A 1954 Vivian Vance ta zama mace ta farko da ta karɓi wannan kambu na talabijin, a wasan barkwanci mai suna I Love Lucy, inda take fitowa a matsayin maƙwabciya kuma aminiyar jaruma, irin ƙawar nan da ake ƙulla kowace dabara da ita a bayan idon maigida. A 1970 kuma Gail Fisher, wadda ke fitowa a matsayin sakatariya a wasan Mannix, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci Emmy, ita ma ta ƙofar mataimakiya ta shiga.

Ƙasar Indiya, wadda finafinanta suka daɗe a gidajen Hausawa, ita ma tana da nata. An fara lambar Filmfare a 1954, shekara ɗaya bayan nan aka sa rukunin mataimakiya. Ko kin tuna tsohuwar nan mai yawan hawaye da ke fitowa a matsayin uwar Amitabh Bachchan, a Deewaar na 1975 da Amar Akbar Anthony na 1977? Sunanta Nirupa Roy. Sau uku tana cin kambun mataimakiyar jaruma, kuma a 2004, shekarar da ta rasu, an karrama ta da lambar yabo ta aikin rayuwa baki ɗaya. Ita kam ta ga yabonta da idonta.

Mu dawo gida. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na kasuwa. Wannan kaset shi ya sauya komai ga matar kulle. Abin da a da sai an je sinima ko ƙofar hakimi, yanzu yaro ne zai karɓo haya a shago ya kawo har ɗaka. Inda babu wutar lantarki a tayar da janareto, matan gida da na maƙwabta su taru bayan sallar isha'i. Marubuta mata ma suka shigo, aka mayar da littattafansu fim, kamar Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Zuwa 1999 harka ta bunƙasa, Sangaya ya fito, mujallar Fim ta fara fita, a mujallar Tauraruwa kuma aka raɗa wa masana'antar suna Kannywood. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai.

Tunda yawancin labaran nan na aure ne da kishi da zaman gida, kuma mata ne manyan masu kallo, sai buƙatar iyaye mata ta ƙaru. A nan aka san Hajiya Amina Garba, wadda ake kira Mama Dumba, da Hajiya Hajara Usman, da Hajiya Zainab Booth, da Hajiya Binta Ƙofar Soro, da Ladin Cima, daga baya kuma irin su Hadizan Saima da Asma'u Sani. A ɓangaren masu fitowa a mugun hali akwai Hauwa Ali Dodo, wadda ta fito a matsayin Biba a Ki Yarda Da Ni, sunan ya bi ta har aka koma kiranta Biba Problem. Akwai A'isha Ɗankano. Akwai kuma Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta fara da Linzami da Wuta a 2000, ta kuma shekara fiye da ashirin tana sa masu kallo cizon yatsa.

Ki duba wani abu a nan. Kafin kowane kamfani ya ƙera kambu, masu kallo sun riga sun ba da nasu, wato laƙabi. Mace ta iya wasa har a manta sunan da mahaifinta ya raɗa mata ranar suna, a koma kiranta Dumba, ko Biba, ko Daso, ko Tambaya kamar yadda ake kiran Ladin Cima tun zamanin wasannin talabijin. Wannan yabo ne babba, amma yana da ƙaya. Wadda ta iya fitowa a muguwar uwar miji, sai wasu su ɗauka halinta ke nan, a riƙa harararta a gidan biki, alhali iyawar ce ta sa aka ji haushin. Mai fitowa a mutuniyar kirki ta sha albarka, mai fitowa a muguwa ta sha tsinuwa, kuma dukansu aiki ɗaya suka yi, wataƙila ma ta biyun ta fi shan wahala.

Bukukuwan karramawa sun fara bayyana a Arewa tun farkon shekarun 2000, irin su Arewa Films Award. Sai dai yawancinsu ba su ɗore ba, a yi bana a rasa mai ɗaukar nauyi baɗi. A 2005 wata mata 'yar Nijeriya, marigayiya Peace Anyiam-Osigwe, ta kafa lambar yabo ta finafinan Afirka baki ɗaya, wadda ake kira AMAA, aka yi bikin farko a Yenagoa ta Jihar Bayelsa. A 2013 aka fara ta talabijin a Legas, wato AMVCA, wadda masu tashoshin Africa Magic ke shiryawa, inda a wasu rukunan masu kallo ne ke zaɓe. A wannan shekara ta 2013 kuma aka yi bikin Kannywood Awards na farko a Kano, da tallafin kamfanin MTN. Mujallar City People ta Legas ita ma ta ware wa 'yan Kannywood rukunansu, har da na mataimakiyar jaruma.

A daidai wannan lokaci wasan talabijin ya farfaɗo. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, wasan da ya bambanta da sauran domin garin ne kansa jarumi. Babu mace ɗaya da za a ce labari nata ne. Adama matar Kamaye da Kyauta Dillaliya da sauran matan garin kowace na da nata kaso, kuma irin matan da kike gani ne a unguwarku. A 2016 Daɗin Kowa ya ci lambar AMVCA ta gwarzon shiri cikin harshen Hausa. Daga nan wasanni masu dogon zango suka yawaita, irin su Kwana Casa'in da Gidan Badamasi da Labarina, har ta kai yau ana kallonsu a wayar hannu, a tura wa juna a kasuwa ko a wurin masu cajin waya. Dogon wasa kuwa ba ya tafiya sai da iyaye da gwaggwanni da maƙwabta, domin soyayyar mutum biyu ba ta cika mako hamsin.

Babban abin alfahari ya zo a ƙarshen 2020. Maryam Booth, 'yar Kano, ta ci kambun mataimakiyar jaruma na AMAA, wato na nahiyar Afirka gaba ɗaya, saboda rawar da ta taka a fim ɗin The Milkmaid. Fim ne da aka yi mafi yawansa da Hausa, aka ɗauka a Jihar Taraba, kan wasu 'yan mata Fulani masu tallar nono da 'yan tayar da ƙayar baya suka tarwatsa wa rayuwa. To wace ce mahaifiyar Maryam? Ita ce Hajiya Zainab Booth da na ambata ɗazu, wadda ta shafe shekaru tana fitowa a matsayin uwa. Allah Ya nufa ta ga wannan rana, domin ba ta rasu ba sai a watan Yuli na 2021. Uwa ta share fili, 'ya ta ɗauko kambu. Amma abin lura shi ne, sau da yawa ko shi kambun mataimakiyar, 'yan mata masu tasowa ke ɗauka, masu fitowa a ƙawa ko ƙanwa ko kishiya. Tsofaffin da ke fitowa a uwa da kaka su ne mataimakan mataimaka, layinsu na can baya.

Kuma lokaci ba ya jira. Hauwa Ali Dodo ta rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu 2010. Mama Dumba ta bi ta a ƙarshen wannan shekara. A'isha Ɗankano ta rasu a 2016, Hauwa Maina a 2018, Hajiya Binta Ƙofar Soro a 2019, Daso kuma a watan Afrilu na 2024, a ƙarshen azumi. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya sa sun huta, Ya kyautata namu zuwan. Duk ranar da aka yi irin wannan rashi sai ki ji yabo ta ko'ina, a rediyo da jarida da waya, kowa na faɗin alherin mamaciya. Yabon gwani ya zama dole, gaskiya ne. Amma wanda aka yi a kunnen mai shi ya fi wanda aka yi a zaman makoki.

Yanzu ga inda zancen ya fi zafi. A watan Fabrairu na 2022 sashen Hausa na BBC ya yi hira da Ladin Cima a shirinsa na Daga Bakin Mai Ita. Dattijuwar nan, wadda ta fara wasa tun kafin a haifi yawancin taurarin yau, ta bayyana cewa abin da ake sallamarta da shi a fim bai wuce naira dubu biyu, ko uku, ko biyar ba, kuma tana cikin matsalar wurin zama. Magana ta tashi kamar wutar daji. Wasu manyan masu shirya fim, ciki har da Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi, suka fito suka ce su kam sun biya ta fiye da haka a ayyukansu. Mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa ya goya mata baya, ya kuma yi mata kyauta mai tsoka. Aka yi ta musayar kalamai kwana da kwanaki.

Ba zaman shari'a muke yi a filin nan ba, kuma kowane ɓangare ya faɗi nasa. Amma rigimar ta buɗe wa jama'a yadda aikin yake. Ita jaruma da ita ake ciniki, domin fuskarta ke sayar da fim. Mai fitowa a uwa kuwa sau da yawa kiranta ake yi ta zo ta yi fitowa biyu ko uku a yini guda, a ba ta abin da ya sawwaƙa, ta hau mota ta koma gida. Babu albashi a ƙarshen wata, babu fansho in tsufa ya zo, in ciwo ya kwantar da ita kuma sai dai a yi ta neman taimako. Ga shi kowa ya san fuskarta, ba ta da damar ta yi shigar da ba ta dace ba ko ta nuna babu. Suna ya yi mata yawa, aljihu kuwa wayam. To a irin wannan hali, ko an kira ta an miƙa mata kambu a ɗakin taro mai sanyi, in ta dawo gida kambun ba ya shiga tukunya. Abin da ya samu Hattie McDaniel a 1940 da abin da Ladin Cima ta koka a kai a 2022 ba iri ɗaya ba ne, amma sun yi tarayya a wuri guda, wato an yaba aikin, ba a kyautata wa mai aikin yadda ya kamata ba.

Ke mutuniyar Zakirai, wannan ba sabon labari ba ne a wurinki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, daga baya aka ja layin dogo daga Kano zuwa Nguru ta wannan yanki namu. Aka tara buhuna a Kano har suka zama dala, aka ɗauki hotonsu aka kai ƙasashen duniya. Tarihi ya riƙe sunayen manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata, kuma sun cancanta. Amma wa ya ɓare gyaɗar? Wa ya sheƙe ta, ya tsince ta, ya soya wadda ta rage ya matse mai ya yi ƙuli-ƙuli? Kakanninki ne, a bayan katanga, ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu. Har yau haka abin yake. A yaba hular da ke kan maigida ranar Juma'a, ba a tambayi wadda ta yi wata guda tana ɗinkinta ba. A yaba amarya ranar kai ta, a manta alwankar da ta yi mata wanka da gwaggon da ta kwana a bakin murhu.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Su masu shirya finafinai da wasannin talabijin, muna kira gare su da su yi wa iyayen nan ciniki bayyananne kafin a fara aiki, a kuma samar da wata gidauniya tsayayya ta kula da tsofaffi da marasa lafiya a cikinsu, kada sai an ga mutum a gadon asibiti a fara yekuwa. Masu shirya bukukuwan karramawa kuma su riƙa tunawa da dattawa tun suna da rai, kamar yadda Indiyawa suka yi wa Nirupa Roy.

Ke kuma uwargida, naki ya fi sauƙi, kuma yana hannunki. In kina kallo, ki koya wa yara su bambance mutum da rawar da ya taka, kada su tashi suna zagin baiwar Allah a kan aikin da aka sa ta. In an ambaci waɗanda suka rasu, ki yi musu addu'a da sunayensu na gaskiya. Sa'an nan ki waiwaya cikin gidanki, domin ke ma kina da mataimaka. Akwai yarinyar da ke kai miki talla, da mai yi miki surfe, da ungozomar da ta karɓi haihuwarki, da abokiyar zaman da ta riƙe miki yara ranar da kike kwance. Malamai sun karantar da mu cewa godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah, sun kuma yi mana gargaɗi kan jinkirta haƙƙin wanda ya yi mana aiki. Ki yaba musu a gaban mutane, su ji da kunnensu. Wadda kuma take bin ki lada, ki ba ta cikakke a kan lokaci, kada tukwicin baki ya maye gurbin na hannu. In kuwa ke ce mataimakiyar a gidanku, wadda aikinta ba a gani sai ranar da ba ta yi ba, to ki sani hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Wanda ba Ya mantuwa Yana sane da ke.

A nan za mu dakata, lokaci ya yi mana halinsa. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana da wasiƙa ko saƙo ta hannun maigida ko yara, za mu karanta in Allah Ya so. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum, ku huta lafiya.